Tsibiran Maldib: Mun Je Mahaifar Wuri



Da wuya a bincika adudun wata tsohuwa a ƙasar Hausa a rasa ƴan ƙwayoyin wuri a can ƙasan kaya, ko a ɗinke a bakin tsohon faifai, ko a jikin wata laya da aka daina ɗaurawa. Yaranmu na yau abin wasa suke ɗaukarsa. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa kalmar nan "kuɗi", wadda ba ta barin bakinmu safe da yamma, asalinta jam'in "wuri" ce, kuma da shi kakanninmu suka sayi hatsi da gishiri, suka biya sadaki, suka kai haraji fada. Abin mamaki a nan shi ne, wuri ƙoƙon wata ƴar halittar teku ne, mu kuwa tsakaninmu da teku tafiya ce ta sama da kilomita 1,000. To, daga ina ya zo mana har ya cika kasuwannin Kano da Katsina da Damagaram?

Wurin farko, ƙaramin nan mai ƙwari wanda aka fi ba daraja, ya fito ne daga wasu tsibirai da ke tsakiyar tekun Indiya, kudu maso yammacin ƙasashen Indiya da Siri Lanka. Sunansu Maldib. A yau duniya ta san su ne a matsayin wurin shaƙatawar masu hannu da shuni da angwayen Turai da na Sin, har ma a shekarar 2024 masu yawon buɗe ido sama da miliyan 2 suka shiga ƙasar, wato ninki huɗu na dukan mutanen da ke zaune a cikinta. Amma a bayan hotunan nan na farin rairayi da shuɗin ruwa akwai wata al'ummar Musulmi da ta shekara sama da 870 tana fuskantar alƙibla. Ita muka je gani a lokacin sanyin da ya wuce, mu magidanta uku tare da iyalanmu.

Babu jirgin da ke tashi daga Yamai kai tsaye zuwa can. Ta Istanbul muka bi, kuma in an haɗa da zaman jira, tafiyar ta ci mana yini da kwana. Biza kyauta ce, a filin jirgi ake bugawa, ta kwana 30, da sharaɗin mutum ya nuna tikitin komawa da shaidar masaukinsa. Mu da muka fito daga yankinmu kuwa sai da aka nemi katin rigakafin zazzaɓin shawara, don haka kada mai niyyar zuwa ya bar shi a gida. Giya da naman alade da gumakan bauta ba su wuce hannun jami'an kwastan.

Tun daga tagar jirgi mutum yake fahimtar irin ƙasar da ya zo. Tsibiran kusan 1,190 ne, a jere daga arewa zuwa kudu tsawon sama da kilomita 800, kuma ba a warwatse suke ba: sun haɗu rukuni-rukuni kamar zobba, zobe 26, kowane zobe da ruwa mai kwanciya a tsakiyarsa. Ƙananan halittun murjani ne suka gina su a cikin dubban shekaru. Waɗanda ke da garuruwa ba su kai 200 ba. In aka tara tudun ƙasar baki ɗaya, bai wuce murabba'in kilomita 300 ba, ma'ana Nijar ta ninka shi sau 4,000 da ɗoriya. Babu dutse, babu kogi, babu ko tudun da zai sa mai tafiya haki.

Birnin Male da masallacin murjani

Babban birnin, Male, ɗan tsibiri ne da mutum zai kewaye da ƙafa cikin awa ɗaya da ƴan mintoci, amma benaye sun cushe shi kamar ashana a kwali. Shi da unguwannin da ke maƙwabtaka da shi suna ɗauke da mutum sama da 200,000. Tituna ƙanana ne, babura kuwa ba su ƙirguwa. Wata doguwar gada da aka buɗe a 2018 ta haɗa shi da tsibirin filin jirgi. Abin da ya fara kwantar mana da hankali shi ne kiran salla: ana yin sa sai ka ga masu kantuna suna jawo ƙofofi, kasuwa ta yi tsit na ƴan mintoci. Abin da ya fara rikita mu kuma shi ne alƙibla. Mu da harshenmu ya saba kiranta "gabas", ga mu muna fuskantar yamma maso arewa.

Manyan masallatai na zamani suna nan, har da mai ƙubbar zinariya da aka buɗe a 1984, amma wanda ya tsayar da mu shi ne tsohon masallacin Juma'a, Hukuru Miski, wanda Sultan Ibrahim Iskandar ya gina a 1658. Tun da ƙasar ba ta da dutse ba ta da yumɓu, da murjani aka gina shi. Magina kan nutsa su yanko shi daga ƙarƙashin ruwa lokacin da yake da laushi, su sassaƙa shi, su yi masa zane, in ya sha iska sai ya ƙeƙashe. Sun yi wa tubalan haƙora suna shiga juna kamar yadda kafinta ke haɗa katako. Bangon tun daga ƙasa zanen furanni ne da saƙa mai sarƙaƙiya, irin wadda za ta tuna wa Bahaushe aikin allura a wuyan babbar riga. Daga ciki kuma katako ne mai sassaƙa da rubutun Larabci da fenti ja da baƙi. Hasumiyar, wadda aka ƙara a 1675, fara ce, kewayayya, gajera, kamar an ɗora ganga a kan ganga. A harabar akwai maƙabarta: dutsen kabari mai tsinin kai na namiji ne, mai kewayayyen kai na mace. Yanzu doka ta hana haƙar murjani, saboda shi ne katangar da ke tare wa tsibiran igiyar ruwa, don haka irin wannan gini ba za a sake yinsa ba.

A nan muka yi sallar Asuba ta farko. Liman ya bayyana bisimilla, ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, jama'a na cewa amin. Mutanen Maldib mabiya mazhabar Imam Shafi'i ne. Amma ba haka suka fara ba, kuma labarin ya shafe mu.

Kafin Musulunci, addinin Buda suke bi, kuma har yanzu ana ganin tsibin kufan wuraren bautarsa a wasu tsibirai. A shekarar 1153, wato 548 bayan Hijira, sarkinsu ya musulunta ya ɗauki sunan Muhammad al-Adil. Ruwayar da aka fi sani ta ce a kowane wata wani ifiritu yakan fito daga teku, ana hango shi kamar jirgi cike da fitilu, sai a jefa ƙuri'a a kai masa budurwa ɗakin gunki a bakin ruwa, da safe a tarar da gawarta. Wani baƙo mahaddacin Alƙur'ani daga Magrib, Abul Barakat al-Barbari, ya sauka a gidan wata tsohuwa da ƙuri'a ta faɗa kan ƴarta tilo. Sai ya tafi a madadin yarinyar, ya kwana yana tilawa, ifiritun ya koma ruwa. Sarki bai gaskata ba sai da ya jira wata mai zuwa ya gani da idonsa. Kabarin da ake dangantawa da wannan malami yana daf da tsohon masallacin. A ruwayar nan shi Bamalike ne, kuma a kan mazhabar Imam Malik tsibiran suka zauna ƙarnuka huɗu, kafin wani malaminsu, Muhammad Jamaluddin, ya dawo daga karatu a Hadramaut a ƙarshen ƙarni na 16 ya yaɗa Shafi'iyya.

Adalci ne mu faɗa cewa kundin tarihin ƙasar na cikin gida ya kira malamin da "at-Tabrizi", wato mutumin Farisa, kuma duk wanda ya san rubutun Larabci marar ɗigo ya san sunayen biyu suna iya rikicewa. Masana tarihi kuma suna ƙarawa da cewa fataucin teku a lokacin yana hannun Musulmi, sarki kuwa ya san inda arzikin ƙasarsa yake. Wasu allunan tagulla da aka rubuta a shekarun 1190 sun nuna cewa sauyin ya ɗauki lokaci, kuma ba ko'ina aka karɓe shi da daɗin rai ba. Kaɗan daga sassaƙe-sassaƙen wancan zamani an adana su a gidan tarihi na Male, sai dai a watan Fabrairun 2012 wasu mutane suka kutsa suka farfasa mafi yawansu. A ganinmu an yi asara. Duwatsu ne da aka shekara 800 ba wanda ya rusuna musu, kuma su ne shaidar abin da kakannin mutanen suka bari suka kama gaskiya.

Alƙalin da ya san mu, ya san su

Wanda ya adana mana ruwayar Abul Barakat shi ne Ibn Baɗuɗa, shahararren matafiyin nan na Tanja. Ya iso tsibiran a 1343 daga Indiya, ya tarar mace ce ke sarauta, Sultana Khadija, mijinta yana waziri. Da suka gane malami ne da ya yi alƙalanci a Delhi, sai suka riƙe shi suka ba shi alƙalanci. Ya yi aure har huɗu a cikin manyan gidaje. Ya yabi tsoron Allah na mutanen da tsabtarsu, da yadda suke share tituna, da tulun ruwan da ake ajiyewa a ƙofar gida don baƙo ya wanke ƙafa kafin ya shiga. Ya sa an yi wa masu ƙin zuwa Juma'a bulala. Abu ɗaya ya gagare shi, kuma shi da kansa ya amsa: ya umurci mata su riƙa rufe jikinsu na sama, suka ƙi, iyakar abin da ya iya shi ne hana su shiga kotunsa sai da sutura. A 1344 ya saɓa da waziri ya bar ƙasar. Da zai dawo yau da ya ga abin da hukunci ya kasa karatu ya yi, domin mafi yawan matan da muka gani a tituna suna sanye da hijabi.

Wannan mutum dai shi ne ya keta Sahara ya shiga Mali a 1352, ya bi ta Gawo, a 1353 ya sauka Takadda, garin tagullar nan da masana da yawa ke ganin kufansa ne a Azelik, yankin Ingal. Har Gobir ya ambata cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar. Saboda haka ido ɗaya ne ya ga wuri a mahaifarsa, ya kuma gan shi a kasuwanninmu, ya bar mana lissafi. A Maldib ana ba da wuri 400,000 a kan dinarin zinariya ɗaya, wani lokaci ma ya fi haka araha. A Mali da Gawo kuwa, wuri 1,150 ne dinari. Darajarsa ta ninka kusan sau 350 a hanya. Duk wanda ya taɓa fatauci ya san abin da wannan ke nufi.

Yadda ake samunsa kuwa ba wuya. Ana shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa marar zurfi, ƴan halittun su hau su maƙale, a jawo ganyen a baza a rana ko a binne a rami har naman ya ruɓe, a wanke ƙoƙon ya fito fari tas. Sarauta ce ke riƙe da cinikinsa. Jirage kan kwashe shi zuwa Bangal a musanya da shinkafa, wasu su kai shi Yaman, daga nan ya bi hannun fatake zuwa arewacin Afirka, raƙuma su tsallako da shi hamada. Ya dace da zama kuɗi domin ba ya ruɓewa, ba ya saurin fashewa, ba a iya ƙirƙirar na jabu, kuma ba wanda zai tsince shi a bayan gari.

Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Daga nan ya zama jinin kasuwa. Dubu shi ne zambar, buhun tabarma mai cin 20,000 kuma shi ne keso. Baturen nan na Jamus, Bart, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana canza dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. A Tasawa kuwa ya ga ana ƙirga 500,000 da hannu, biyar-biyar, aikin da sai da mutum biyar ko shida suka taru a kansa. Mai karatu ya tsaya ya auna: sadaki ko kuɗin doki a lokacin kaya ne na jaki.

Ba za mu ɓoye ɓangaren baƙin cikin ba. Tun daga farkon ƙarni na 16 Turawan Fotugal, daga baya na Holan da na Ingila, suka gane cewa wuri na iya zama nauyin da ke daidaita cikin jirgi, kuma in an kai shi gaɓar Afirka ta Yamma ana sayen mutane da shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tsakanin 1700 da 1790 kawai, jiragen Holan da Ingila sun sauke sama da miliyar 10 na ƙwayoyinsa. Matar da ke tsintar wuri a bakin ruwan Maldib ba ta san cewa abin da ke cikin kwandonta zai zama farashin ɗan wata mata a Wida ba. Daga tsakiyar ƙarni na 19 ƴan kasuwar Jamus suka fara kwaso wani nau'in mai araha daga Zanzibar, ya yi yawa har darajarsa ta zube, sannan mulkin mallaka ya zo da sulallansa ya ƙarasa shi. A yau wuri shi ne tambarin babban bankin Maldib, kamar yadda sunan kuɗin Gana, sidi, yake nufin wuri.

Akwai wata alaƙar ta kusa-kusa. Ma'amun Abdul Ƙayyum, wanda ya shugabanci ƙasar shekara 30, daga 1978 zuwa 2008, ɗalibin Azhar ne, kuma ya koyar da ilimin addinin Musulunci a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano daga 1969 zuwa 1971. A zamaninsa ƙasar ta yi arzikin yawon buɗe ido, a zamaninsa kuma masu adawa suka sha ɗauri. Mutanen da muka zanta da su ra'ayinsu a kansa ya rabu biyu.

Kwana biyar a ƙauyen ruwa

Daga Male muka nufi wani ƙaramin tsibiri da ke kudu. A nan muka yi kuskuren baƙo: mun tsara tafiyar ranar Juma'a, ba mu san jiragen ruwan haya na jama'a ba su tashi ran nan ba. Dole muka ɗauki shatar ƙaramin jirgi mai gudu, kuɗin da muka biya kuwa gara kada a tuna. Hutun mako a can Juma'a da Asabar ne. Faransanci ba ya amfani sosai, da Ingilishi ake hulɗa, sai limamai da wasu malamai da muka samu muna fahimtar juna da Larabci.

Garin bai fi a ratsa shi cikin minti goma ba. Titunan rairayi ne, kuma da sassafe mata ke fitowa da tsintsiyar kwakwa suna share su, daidai yadda Ibn Baɗuɗa ya bayyana shekara kusan 700 da suka wuce. A ƙofar kowane gida akwai kujerun raga da ake kira joli, nan dattawa ke zaman hira bayan La'asar. Ba kare ko ɗaya, domin doka ta hana shigo da shi ƙasar. Ba gero, ba dawa, ba garken dabbobi. Shinkafa da fulawa da sukari duk daga waje ake kawo su. Abin da Allah Ya ba su kifi ne da kwakwa, kuma sun san yadda za su juya su. Karin kumallo dakakken kifin tuna ne da kankararriyar kwakwa da albasa da barkono da lemon tsami, a ci da wata siririyar gurasa. Da rana romon kifi ne garau a kan shinkafa. Akwai kuma wani baƙin abu mai kauri da ake samu in an daɗe ana dafa romon har ya ƙafe, rihakuru, wanda matanmu suka ɗanɗana suka ce wannan ai daddawarsu ce. Masuntan ba su amfani da koma wajen kamun tuna. Da sanda da ƙugiya suke fizgo shi ɗaya bayan ɗaya, dabarar da ta hana su ƙarar da abin da jikokinsu za su ci.

Rubutunsu ya ba mu sha'awa ƙwarai. Sunansa tana, daga dama ake fara shi kamar ajaminmu, wasullansa kuma daga fataha da kisira da rufu'a aka samo su. Baƙaƙe tara na farko ba komai ba ne illa alƙaluman lissafin Larabci daga 1 zuwa 9 da aka ɗan karkata. Kusan kowa a ƙasar ya iya karatu da rubutu, kuma tushen hakan makarantun cikin gida ne da ake kira eduruge, inda yaro ke fara Alƙur'ani da baƙaƙen harshensa a gaban wata dattijuwa ko dattijo na unguwa. Suna da lissafin taurari da ke raba shekara gida 27, kowane gida kwana 13 ko 14, da shi masunci ke sanin ranar fita da ranar zama, kamar yadda malamanmu ke lissafa wa manoma taurarin damina.

Wani dare samarin gari suka fito da manyan ganguna, bodu beru. Kiɗan yakan fara a hankali, ya riƙa zafi har masu rawa su fita hayyacinsu. Ɗaya daga cikinmu ya ce wannan kiɗa ba baƙo ba ne a kunnensa, kuma bai yi kuskure ba: mutanen da kansu suna danganta asalinsa da ƴan Afirka da suka iso tsibiran, wasu a matsayin ma'aikatan jirgi, wasu a matsayin bayi. Wuri ya tafi yamma, ganga ta zo gabas.

Maldib biyu

An buɗe otel na farko na masu yawon buɗe ido a 1972. Tsarin da hukuma ta bi shi ne a ba kowane otel tsibirinsa wanda ba kowa a kai, nesa da garuruwa. A can an halatta sayar da giya, kowa ya sa abin da ya ga dama, a garuruwa kuwa an hana. Sai a 2009 aka yarda ƴan ƙasa su buɗe ƙananan masaukai a cikin garuruwansu, irin wanda muka sauka. Ko a nan ɗin an keɓe wa baƙi wani yanki na bakin ruwa da aka kange, a wajensa kuwa dole su suturta jiki.

Mun kai ziyarar yini ɗaya wani daga cikin manyan otel ɗin, mu maza kawai, kuma mun gode wa Allah da ba mu je da yara ba. Kyan wurin ba a magana: ɗakuna a kan ruwa, kifaye masu launi suna yawo a ƙarƙashin dakali. Amma kuɗin kwana ɗaya a wasu ɗakunan ya fi albashin malamin makaranta na watanni da dama a wajenmu, kuma abin da ido ke gani ba na gidan Musulmi ba ne. Har agogonsu daban ne, sun tura shi gaba da awa ɗaya don baƙi su more hasken yamma, saboda haka mai kula da lokacin salla ya yi hattara. Da Azahar ta yi, wani ma'aikaci ya bi da mu ta bayan ɗakin girki zuwa unguwar ma'aikata, inda muka tarar da ɗan masallaci cike da ƴan ƙasa da ƴan Bangaladash, waɗanda suka yini suna ɗaukar tiren abin da ba su sha. Baƙin ma'aikata sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna ƙasar. Shawararmu ga magidancin da Allah Ya hore wa shi ne ya sauka a garuruwan jama'a, ya fi araha nesa ba kusa ba, abinci halal ne, masallaci na kusa. Wanda kuma bai sauke faralin Hajji ba, ya san inda guzurinsa ya kamata ya fara zuwa.

Arzikin nan yana da farashi a cikin gidaje. Maza da yawa suna watanni a tsibiran otel ba su ga iyalinsu ba, irin cin ranin da muka sani. Iyalai na tururuwa zuwa Male don makaranta da asibiti, su cunkushe a ɗaki ɗaya ko biyu masu tsadar haya, yara su tashi a titi, miyagun ƙwayoyi su same su a can. Sakin aure kuwa tsohon ciwo ne: tun Ibn Baɗuɗa ya lura da sauƙin aure da sauƙin rabuwa a wurinsu, kuma a 2002 ƙasar ce ta fi kowace yawan saki a duniya, kusan 11 cikin kowane mutum 1,000 a shekara. Dokar iyali ta shekarar 2000 ta wajabta wa miji ya bi ta kotu kafin ya yi saki, a fara neman sulhu, wanda ya yi gaban kansa a ci shi tara. Mun daɗe muna muhawara a kan wannan doka a tsakaninmu a bakin ruwa, matanmu na goyon baya, mazan na ja, kowa kuwa yana tuna wani gida da ya sani a unguwarsu.

Babbar damuwarsu dai ita ce teku. Tsayin ƙasar a kan ruwa, in an daidaita, bai wuce mita ɗaya da rabi ba. A 1987 igiyar ruwa ta mamaye wani babban sashe na Male, abin da ya sa aka kewaye birnin da katangar kankare da taimakon Japan. Ranar 26 ga Disamba 2004 ambaliyar tsunami ta ratsa wasu tsibiran daga wannan gaɓa zuwa waccan, mutum sama da 100 suka rasu ko suka ɓace, aka kwashe wasu garuruwa ɗungurungum. Zafin ruwa na 1998 da na 2016 ya kashe murjani mai yawa. A watan Oktoban 2009 shugaba Muhammad Nashid ya yi taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa, da kayan nutso, don duniya ta waiwayo. Kusa da Male sun tsotso rairayi daga ƙasan teku sun gina sabon tsibiri, Hulhumale, suka ɗaga shi mita 2, aka fara zama a kansa a 2004. Ruwan sha ma wahala ne: rijiyoyi da yawa sun yi gishiri, sai ruwan sama da aka tara a tanki da na teku da injin ya tace.

Daren da za mu bar tsibirin, wani dattijo da muke haɗuwa da shi a sahun gaba ya kai mu ƙarshen gari ya nuna mana kututturan kwakwa a cikin ruwa, ya ce yana yaro nan filin wasansu ne. Muka gaya masa mu kuma rairayi ne ke cin gonakinmu daga arewa. Ya tambaye mu nisan garinmu da teku, muka faɗa masa, ya yi shiru yana lissafi. Sai ɗayanmu ya ciro wuri uku da ya ɗauko daga adudun kakarsa a Tasawa ya miƙa masa. Tsohon ya juya su a tafin hannu, ya duba bayansu da ya goge saboda wucewa ta hannaye, ya ware ɗaya ya ce wannan babba ba nasu ba ne. Sauran biyun ya ce nasu ne, mahaifiyarsa ta tsinci irinsu a bayan masallaci. Ya nemi mu bar masa guda, muka bar masa.